Na'urar Nukiliya Ta Ɓace a Masana'anta: Wa Za a Riƙe?

Ranar 10 ga Maris, 2023, labari ya kai ga hukuma a lardin Prachinburi na ƙasar Tailan cewa wani ƙarfe ya ɓace daga wata tashar wutar lantarki da ke cikin rukunin masana'antu. Gungumen ƙarfe ne mulmulalle, tsawonsa santimita 30, kaurinsa santimita 13, nauyinsa kilo 25. Ya daɗe manne a jikin rumbun da ake tara toka, ba shi da aiki sai nuna inda tokar ta kawo. Abin da ke cikinsa ne ya tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya: siziyom-137, sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya dare da rana, ba a kunna shi, ba a kashe shi. Da aka bi diddigi sai aka ga tun wajen 23 ga Fabrairu ƙarfen ya bar mazauninsa. Sama da mako biyu ke nan ana shiga ana fita a tashar, ba wanda ya ɗaga waya ya sanar da hukuma.

Aka baza jami'ai da na'urorin awo, aka bi shagunan masu sayen tsofaffin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, aka sa ladan baht 50,000 ga duk wanda ya ba da labari. Bayan kwana goma ko kusa da haka sai na'ura ta yi kuka a wani kamfanin narka ƙarfe da ke gundumar Kabin Buri, a lardin dai. Gungumen ba a gan shi ba. Abin da aka tarar buhuna ne na jar ƙurar da ake tacewa daga hayaƙin tanderu, ƙurar kuwa ɗauke da siziyom. Kowa ya san abin da hankali zai ba shi, amma jami'an ba su iya rantsuwa cewa wannan ƙura daga wancan ƙarfe ta fito ba, domin ƙura ba ta da lamba. Laifin da aka iya tuhumar masu tashar da shi shi ne jinkirin kai rahoto, wanda iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara guda ne, ko tarar baht 100,000, kuɗin da bai cika dala 3,000 ba, ko kuma duka biyun.

Maganar lambar nan ce ta tsaya mini a rai. Kowace irin wannan na'ura tana fitowa daga hannun maƙerinta da ɗan faranti a jiki, an rubuta sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da ranar da aka auna shi, da lambarta. Lambar tana cikin rajistar wanda ya ƙera, tana cikin lasisin wanda ya saya, ya kamata kuma a same ta a littafin hukuma. Ita kaɗai ce igiyar da ta ɗaure ƙarfen da sunan wani ɗan Adam. Muddin tana nan, akwai wanda za a riƙe wa wuyan riga. Ranar da ta goge, ko tsatsa ta cinye ta, ko ta shiga wuta, ƙarfen ya zama na kowa, ɗawainiyarsa kuma ta faɗa kan wanda tsautsayi ya sa ya taɓa shi daga ƙarshe.

Me ya kai nukiliya gidan siminti?

Da yawanmu idan aka ce nukiliya sai hankali ya tafi kan bam, ko Iran, ko Koriya ta Arewa. Alhali mafi yawan kayan nukiliyar da ke yawo a duniya ƙanana ne, suna can cikin masana'antu suna aikin awo. Tururin da suke fitarwa haske ne da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma yana ratsa ƙarfe. To sai a ɗaura ƙwayar sinadarin a gefe guda na tanki ko bututu, a ɗaura ma'auni a ɗaya gefen. Idan tankin fanko ne, haske mai yawa ke isa ga ma'aunin. Idan ya cika, abin da ke ciki ya tare, sai kaɗan ya isa. Da wannan bambanci ake sanin inda kaya ya kawo ba tare da an buɗe ba, ko da kuwa narkakken ƙarfe ne a ciki, ko guba, ko toka mai zafin da ba ma'aunin da zai jure.

Haka ake yi a gidajen siminti da matatun mai da kamfanonin taki. Masu yin takarda da leda da falankin ƙarfe suna auna kauri da irinta, kayan na gudu a kan inji. Wasu kamfanonin lemo suna duba cikar gwangwani da ita. Injiniyan hanya yana ɗora wata 'yar akwati a kan ƙasar da aka daddaɓe ya ga ko ta daku. Masu haƙar mai suna zura wata cikin rijiya su san irin dutsen da suke ratsawa. Akwai kuma masu ɗaukar hoton walda, waɗanda ke yawo da iridiyom-192 suna duba ko haɗin bututu ya kama, kuma nasu ne ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A 1999, a Yanango ta ƙasar Peru, wani mai walda ya tsinci irin wannan ƙwaya a wurin gina tashar lantarki, ya jefa a aljihun baya na wando ya ci gaba da aiki na wasu sa'o'i. Ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa.

Sinadarin kansa ɗan mitsitsi ne, an rufe shi ruf cikin kwanson baƙin ƙarfe. Sauran nauyin duk garkuwa ce, galibi ta dalma, da 'yar taga da ake buɗewa lokacin aiki a kulle da kwaɗo idan an tashi. Na'urar da ke wurinta, a kulle, ana duba ta, ba ta cutar da kowa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta kasa waɗannan kaya aji biyar, na ɗaya shi ne mafi haɗari, kuma yawancin ma'aunan masana'antu suna aji na uku ne ko na huɗu ko na biyar.

Matsalarsu tsawon rai. Iridiyom-192 yana rasa rabin ƙarfinsa duk kwana 74, shi kam ba ya daɗewa. Kobalt-60 sai ya yi shekara biyar da 'yan watanni. Siziyom-137 shekara 30. Amerisiyom-241 kuwa shekara 432. Ma'aunin siziyom da aka ɗaura a 1985, a 2025 yana nan riƙe da wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. A tsakanin nan injiniyan da ya ɗaura shi ya yi ritaya, manajan da ya sa hannu ya rasu, an sayar da kamfanin sau biyu, mai fenti ya zo ya shafe bututu da duk abin da ke jikinsa da launi guda, har da farantin gargaɗin. Wanda ya karɓi sito ya gaji littafin da ba a rubuta na'urar a ciki ba. Sai ranar da aka kira ɗan kwangila ya rushe tsohon sashe, ya yanka komai da gas ya loda a mota. Ta wannan hanya mafi yawansu ke salwanta, ɓarawo bai ma shigo zancen ba. Kafin ƙarfen ya fita ta ƙofar masana'anta, ya daɗe da fita daga littafi.

Labarin da ya fi tsaya mini a wuya na Kramatorsk ne, a Yukren, zamanin Tarayyar Sobiyet. A ƙarshen shekarun 1970 ƙwayar siziyom ta faɗo daga ma'auni a wani wurin fasa dutse. Aka neme ta na ɗan lokaci, aka gaji, aka bari. Tsakuwar wurin aka kwaɓa da siminti aka gina gidan bene, ƙwayar ta zauna cikin bangon wani ɗakin kwana. Iyalin farko suka rasa mutum uku da sankarar jini, likitoci suka ce gado ne. Wani iyali ya tare, su ma suka rasa yaro. Sai a 1989, da mahaifin yaron ya nace a bincika, aka shigo da na'ura aka gano abin da ke cikin bangon. Mutum huɗu sun tafi saboda wani ya yanke shawarar cewa neman ya isa haka.

Kada a ce wannan sakacin ƙasashen da ba su da tsari ne. A 2002 IAEA ta bayyana cewa daga 1996 kamfanonin Amurka sun rasa inda kusan irin waɗannan kaya 1,500 suke, fiye da rabi kuma ba a sake ganinsu ba. Wani nazari na Tarayyar Turai ya ƙiyasta cewa a ƙasashenta har guda 70 kan kuɓuce wa hukuma a shekara.

Bakin tanderu

Tsohon ƙarfe duk inda ya zaga, tanderu zai ƙare. A nan ne kuma sinadaran ke rabuwa gida biyu. Kobalt yana narkewa ya gauraya da ƙarfen, ya fito cikin rodi da ƙafar tebur. Siziyom ba ya zama, yana bin hayaƙi ya taru a ƙurar matata, wani ya fice ta bututun hayaƙi.

Na farkon ya faru a Ciudad Juárez ta Meziko a ƙarshen 1983, inda aka sayar wa masu gwangwan kan wata na'urar gashin sankara mai ƙwayoyin kobalt kusan 6,000. Ba wanda ya sani sai ranar 16 ga Janairu, 1984, da wata motar rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, ƙararrawa ta kaɗa. Da direban bai ɓata ba, Allah kaɗai ya san ranar da za a farga. Gine-gine sama da 800 aka ce a rushe a Meziko. A Taiwan irin wannan rodi ya shiga gidaje a farkon shekarun 1980, ba a gano ba sai 1992.

Na biyun ya faru a kudancin Sifen a watan Mayun 1998, a kamfanin Acerinox da ke kusa da Algeciras. Ƙwayar siziyom ta shigo cikin tarin tsofaffin ƙarafa ta shiga wuta. Na'urorin auna iska a Faransa da Italiya da Suwizalan da Jamus da Ostiriya ne suka riƙa nuna siziyom a sama. Asarar ta kai wajen dala miliyan 26, mafi yawanta ta tsayar da aiki ce. Kamfanin da ya narka ta shi ya ɗauki asarar. Wanda ya yar da ƙwayar tun farko yana can wani wuri yana barcinsa.

Wani kuma a Indunusiya ne. A watan Agustan 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sami siziyom-137 a jatan landen da aka shigo da shi daga can. Abin da aka samu bai kai ma'aunin haɗari ba, amma ya isa a janye kaya daga kantuna. Da aka bi sawu sai aka dire a rukunin masana'antu na Cikande, a lardin Banten, inda kamfanin sarrafa jatan landen ke maƙwabtaka da wani mai narka tsofaffin ƙarafa. Masu sana'ar abincin teku, waɗanda ba ruwansu da ƙarfe, suka wayi gari kasuwarsu ta girgiza.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan harka dai ban ga haka ba.

A dubi Ostareliya, inda ma aka yi sa'a. A Janairun 2023 aka ɗauko wani ma'auni daga mahaƙar Gudai-Darri ta kamfanin Rio Tinto za a kai shi Perth, tafiyar kilomita 1,400, wadda ta fi nisan Legas zuwa Kano. Jijjigar mota ta kwance noti, ƙwayar siziyom mai milimita 8 da milimita 6, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, ta zurare ta ramin notin ta faɗi a hanya. Mota ta isa ranar 16 ga wata, ba a buɗe akwatin ba sai ranar 25. Ranar 1 ga Fabrairu wata motar bincike da ke tafiya a kilomita 70 cikin sa'a ta ji ɗuriyarta kudu da garin Newman, mita biyu daga bakin titi. Aka ɗauko, aka karanta lambar jikinta, ta yi daidai. Ga kaya, ga mai kaya, ba gardama. Sai aka buɗe dokar 1975 ta jihar da abin ya faru, aka ga iyakar tarar irin wannan sakaci dalar Ostareliya 1,000 ce. Firaminista Anthony Albanese da kansa ya ce tarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Kamfanin ya ba da haƙuri, bincike ya ƙare, ba a gurfanar da kowa ba.

A nan lissafin kasuwa ke shigowa, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Rabuwa da tsohuwar na'ura ta hanyar da doka ta tanada yana cin kuɗi: a kira ƙwararre ya kwance, a sami akwatin da aka amince da shi, a nemi izinin sufuri, a biya maƙerin da ke wata ƙasa ya karɓi abinsa. Ajiye ta a bayan sito kuwa kyauta ne. Idan tarar ɓatarwa ba ta kai kuɗin mayarwa ba, doka da kanta ta gaya wa manaja abin da ya fi masa sauƙi. Ba sai ya yi niyyar mugunta ba. Ya isa ya riƙa cewa sai baɗi, har ranar da kayan zai ɓace da kansa. Hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta gane haka, shi ya sa a shekarar 2000 ta tsara tarar ɓatar da irin wannan kaya ta zama kamar ninki uku na kuɗin zubar da shi bisa ƙa'ida, ta kuma wajabta wa masu riƙe da manyan ma'aunai su riƙa sabunta rajista duk shekara, su ambaci sunan mutum guda da ke da alhakin kowace na'ura. Sunan mutum, ba na kamfani kaɗai ba. Kamfani yakan canza suna ya tsere, mutum kuwa yana da gida da lambar waya.

Hukuma ma tana shiga layin tuhuma. Tailan ɗin nan ta taɓa ganin wanda ya fi na Prachinburi muni. A ƙarshen 1999, wani kamfani ya ajiye tsofaffin kawunan na'urar asibiti masu kobalt-60 a wani filin ajiye motoci da ba mai gadi. A farkon 2000 masu tsintar ƙarafa suka ɗauki ɗaya suka kai wani shagon gwangwan a Samut Prakan, aka yanka da gas. Mutum goma suka kwanta, uku suka mutu. Tarar da aka ci kamfanin kan riƙe kayan ba izini baht 15,000 ce. Waɗanda abin ya shafa suka kai ƙarar hukumar nukiliyar ƙasar kanta, kotu kuma ta ce lallai ta yi sakaci wajen bibiyar kayan da ta san da zamansu, ta biya diyyar sama da baht miliyan 5. Shari'arsu da kamfanin kuwa sai da ta kai 2016 kafin ta ƙare. Wanda ya rasa yatsu a 2000 ya jira shekara goma sha shida.

Mu ma mun taɓa

A Disambar 2002 wasu ƙwayoyi biyu na amerisiyom da beriliyom, irin waɗanda ake zurawa rijiyar mai, suka ɓace daga hannun reshen kamfanin Halliburton na Najeriya a yankin Neja Delta. Gwamnati ta nemi taimakon IAEA, aka yi ta cigiya. Daga baya suka ɓulla a Jamus, cikin tsofaffin ƙarafan da aka kai wurin masu sake narkawa. An san na waye domin ba su riga sun shiga wuta ba. A Satumbar 2004 gwamnatin Obasanjo ta hana a ba kamfanin kwangila, tana zarginsa da sakaci da kuma ƙin ba da haɗin kai wajen dawo da kayan. Duk abin da za a ce game da yadda aka ƙare, wannan hukunci ya taɓa inda ke yi wa kamfani ciwo, abin da tarar dala dubu ba za ta taɓa yi ba.

Hukumar da ke da wannan aiki a Najeriya ita ce NNRA, mai hedikwata a Abuja. Dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin shigo da kayan da amfani da su da safararsu, ita ake kai wa rahoto idan sun ɓace. A Zariya kuma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da wurin adana waɗanda aka daina amfani da su. A lura da shekarun nan da kyau. Manyan masana'antunmu na Kakuri a Kaduna, da na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, an kafa su tun kafin a haifi hukumar, da yawa kuma sun rufe, an yanka injinansu an sayar a kilo. Ba kowace masana'anta ke da irin wannan ma'auni ba, masaƙa ma ba ta cika buƙatarsa ba. Amma duk wanda zai sayi matacciyar masana'anta, da bankin da ya ƙwace ta kan bashi, da lauyan da kotu ta naɗa ya sayar da kadarorinta, ya kamata doka ta tsare su da takarda guda kafin gas ya taɓa ƙarfe: an zaga da na'ura, ga abin da aka samu, ga inda aka kai shi, ga wanda ya sa hannu. Aikin yini ɗaya ne, na'urar kuma a hannu ake riƙe ta.

Dalilin da ya sa na ga wannan zance ya shafe mu fiye da yadda muke zato shi ne sana'ar gwangwan. Daga yaron da ke tura baro unguwa-unguwa, zuwa dillalin Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, zuwa tirelar da ke sauke kaya a kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun, 'ya'yanmu ne a kusan kowane mataki, har a biranen kudu da ƙasashen maƙwabta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban sikelin 'yan gwangwan ya san yadda ake kimanta kaya: a ɗaga a ji nauyi. Ƙaramin abu mai nauyin tsiya alama ce ta dalma ko tagulla a ciki, kuɗinsu kuwa ya fi na baƙin ƙarfe, don haka shi ake ware wa guduma da gas. Nauyin da ya kamata ya zama gargaɗi shi ne ke jawo hannu. A Mayapuri, kasuwar gwangwan ta Delhi, haka aka yi a 2010 da wata na'ura mai kobalt-60 da Jami'ar Delhi ta yi gwanjonta a matsayin tsohon ƙarfe. Mutum guda ya mutu, wasu bakwai suka kwanta asibiti. Malaman kimiyya ne suka sayar, talakawa suka fasa. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar ma, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun sami ƙarafan da suka gurɓata daga ma'adinan yuraniyom ana sayarwa a kasuwa tun 2003. Wannan ba ƙwaya ba ce, gurɓata ce, amma ƙofar da ta fito ita ce dai wadda ake magana.

Idan irin wannan ya faru, abu mafi sauƙi shi ne a kama ɗan jari-bola a ce ɓarawo ne. Wani lokaci ma gaskiya ne ya ɗauka ba izini. Amma an bar jaki ana dukan taiki, domin yaron da ya haura katanga bai san abin da ya ɗauka ba, mai lasisin kuwa ya sani, ya sa hannu a kan sanin. Kamun kuma yana da illa ta biyu: dillalin da ya ga an kulle maƙwabcinsa, gobe idan ya ga abin da bai yarda da shi ba a cikin kayansa, rafi zai kai shi da dare, ko ya cusa shi tsakiyar lodi ya tura gaba. Sifen ta koyi wannan darasi bayan Acerinox. A 1999 gwamnati da masu narka ƙarfe da dillalan tsofaffin ƙarafa da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla yarjejeniya: a kafa ƙofofin awo a bakin kamfanoni, a horar da ma'aikata, wanda ya gano kaya ya sanar ba a ɗaukarsa mai laifi, hukumar sharar nukiliya ta ƙasar ce ke zuwa ta kwashe. Wanda ya tsinta a sauƙaƙa masa, wanda ya yar a tsananta masa. Mu kuwa a al'amuranmu da dama mun saba yin akasin haka.

Alamar gargaɗin ma ba kowa take yi wa magana ba. Tsohuwar alamar nan mai fukafukai uku a kan ruwan ɗorawa, da aka nuna wa yara da waɗanda ba su yi boko ba a ƙasashe daban-daban, da yawa sun ɗauka fanka ce. Shi ya sa a 2007 aka ƙaro wata: jan alwatika mai ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa, da hoton wani yana gudu. Ana liƙa ta ne a jikin garkuwar manyan na'urori, daga ciki, inda sai mai kwancewa zai gan ta. Tsofaffin kayan da aka ƙera kafin nan ba su da ita, su ne kuma suka fi yawo a bola.

Abin da shugabannin 'yan gwangwan za su iya gaya wa yaransu bai da yawa. Ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, mai 'yar taga ko hannu da wurin kwaɗo, mai faranti a jiki ko alamar fukafukai uku, kada a fasa, kada a ƙona, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. Nisa shi ne kariya: wanda ya ninka tazararsa sau biyu, abin da ke isa jikinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A kori yara daga wurin, a sanar da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana su kira NNRA. Idan mutum biyu ko uku a shago guda suka kama amai da kasala rana ɗaya, ko ƙuna ta fito a hannu ba a taɓa wuta ba, a gaya wa likita sana'arsu da abin da suka fasa kwanan nan. A Samut Prakan likitoci ne suka tona asirin, da suka ga marasa lafiya daga wuri guda da alamomi iri ɗaya. Idan kuma ana iya hango farantin daga nesa, a ja hotonsa da waya ba tare da an matsa kusa ba, a miƙa wa jami'an da suka zo. Da lambar da ke jiki za su tambayi maƙerin wa ya sayar wa, a wace shekara, da sunan wanda ya karɓa.